Mun ɗauko manhajar kyauta mun gyara ta, za mu iya sayarwa? Amsa ga wani ƙanena

"Assalamu alaikum Yaya. Don Allah ina da tambaya. Mu uku ne muka gama karatun kwamfuta nan Katsina, muka samu wata manhaja ta kula da makaranta a GitHub, kyauta take, an rubuta GPL 3 a jikinta. Wata biyar muka kwashe muna gyaranta, mun maida ta Hausa, mun sa mata tsarin zango uku da rasit na kuɗin makaranta da ɓangaren hadda saboda Islamiyyu. Yanzu makarantu biyu sun ce suna so. Kawuna ya ce saida abin da aka ba ka kyauta cin haram ne, kuma ana iya kai mu kotu. Ɗaya daga cikinmu kuma ya ce mu kulle kod ɗin kar kowa ya gani. Ya abin yake? Kuma in dai kowa zai iya kwafa, ta ina za mu ci abinci?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi maku albarka, wallahi na ji daɗin wannan tambaya, don irin aikin da nake ta roƙon yaranmu su riƙa yi kenan maimakon zaman jiran takardar ɗaukar aiki. In na fahimce ka abu uku kake tambaya, ko doka da addini sun yarda ku karɓi kuɗi, ko kuna da damar ɓoye gyaran da kuka yi, sai kuma ina ribar take. Akwai na huɗu da ba ka tambaya ba, kuma ni shi ya fi tsaya mani a rai, wato tsakaninku ku ukun nan wa ke da mi. Zan zo kanshi. Amma tun farko ka sani ni ba lauya ba ne, mai girka manhaja ne ga makarantu da shagunan magani, na daɗe ina yi tsakanin Katsina da Daura da Dutsin-Ma, abin da zan faɗa maka daga karatun lasisin ne da kuma abin da hannuna ya taɓa.

Kyauta ce, amma tana da mai ita

Kuskuren da kawunka da abokinka suka yi iri ɗaya ne ko da yake sun rabu a magana, su duka sun ɗauka abin da aka ce kyauta ba shi da mai shi. Buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bar cikinta a fili kowa ya duba ya gyara, tana da masu ita sarai, waɗanda suka rubuta ta ba su yar da haƙƙinsu ba, izini suka bayar a rubuce tare da sharuɗɗa, wannan takardar izinin ita ce lasisi. A dokarmu ta haƙƙin mallaka, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1988, manhajar kwamfuta tana cikin rukunin rubutattun ayyuka kamar littafi, kuma haƙƙin yana tabbata ne tun lokacin da aka rubuta abin, ba sai an je an yi rajista ba. Shi ya sa in ka ga kod, wato rubutun umarnin da aka gina manhaja da shi, a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, babu takardar lasisi ko ɗaya a tare da shi, to ba kyauta ba ne, mai shi bai ba kowa izini ba, ganin da ka yi mashi a fili bai halatta maka ɗauka ba. Yara da yawa suna faɗawa nan.

Shi lasisin GPL ɗin da ke jikin taku, asalinshi daga wani Ba'amurke ne Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU na gina manhajar da kowa ke da 'yancin dubawa da gyarawa a 1983, ya fitar da lasisin na farko a 1989, na biyu a 1991, na uku wanda kuke kai a 2007. Mutumin bai taɓa cewa kar a sayar ba. Damuwarshi ita ce kar wanda ya karɓi manhaja ya zama fursunan wanda ya ba shi, ya kasance yana da damar amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. Saboda haka lasisin ya faɗa ƙarara cewa kana iya karɓar kuɗi ko nawa ne kan kwafin da ka bayar, kana iya karɓar kuɗi kan tallafi da garanti. Ko miliyan ka ce, in mai saye ya yarda, babu wanda ka zalunta.

Sai ka je ka samu kawu cikin ladabi, kar ka yi mashi gardama a gaban mutane, ka ba shi misali da abin da ya sani. Mutum ya haƙa rijiyar burtsatse fi sabilillahi a unguwa, mai ga-ruwa ya zo ya jera jarkokinshi a kura, ya bi layi, ya turo ta cikin ranar Katsina har ƙofar gidanka, in ka biya shi ai ba ruwan ka saya ba, wahalarshi ka biya. Haram ɗin zai shigo ne ranar da ya sa kwaɗo ya kulle famfon ya ce nashi ne. Kuma tsoron da kawu ke ji yana da tushe mai kyau, don malamai ba su ɗauki haƙƙin fasaha da wasa ba, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta ce haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira abin karewa ne a shari'a. To kare haƙƙin mai wannan manhaja shi ne cika sharaɗin da ya gindaya, ba ƙin sayarwa ba.

Maganar kulle kod

Nan ne abokinku ya yi kuskure, kuma kuskure mai haɗari. Sharaɗin GPL shi ne duk wanda kuka miƙa wa manhajar, ko da kuɗi ko kyauta, dole ku ba shi cikakken kod ɗin har da gyaran da kuka yi, a ƙarƙashin wannan lasisin dai, ba ku da ikon ƙara mashi wani takunkumi. Fassarar Hausar nan da ɓangaren haddar nan tunda a cikin jikin manhajar kuka gina su, sun bi uwarsu. Kuma kar ku goge sunayen waɗanda suka rubuta ta tun asali, ku bar takardar lasisin a wurinta, ku rubuta cewa kun yi gyara da ranar da kuka yi. Na sha ganin yaro ya goge sunan masu abu ya sa nashi ya je yana cewa shi ya ƙirƙira daga tushe, wannan ko babu kotu ƙarya ce, kuma ranar da mai makaranta ya gano shikenan ya daina yarda da kai a komai.

Amma ka lura da kyau, lasisin bai ce ku ɗora gyaranku a intanet duniya ta gani ba. Wanda kuka ba manhajar shi ke da haƙƙin a ba shi kod, wato makarantun nan biyu. Sai dai su kuma in sun ga dama su ba maƙwabciyar makaranta, ba ku da bakin hanawa. Akwai kuma wata hanya da mutane da yawa ke bi, a ajiye manhajar a kan saba taku, wato kwamfutar da ake shiga ta intanet, makaranta ta riƙa shiga ta burauza tana biyan kuɗi duk zango, a nan ba ku miƙa masu kwafi ba, don haka GPL na yau da kullum bai tilasta maku ba da kod ɗin da ke gudana a sabar ba. Saboda toshe wannan ƙofar ne aka yi wani ɗan'uwanshi mai suna AGPL, shi ko ta intanet mutum ke amfani da abin da ka gyara sai ka ba shi hanyar samun kod. Harafi ɗaya ne ya raba su amma hukuncin ya sha bamban, shi ya sa nake so ka koma ka buɗe fayil ɗin lasisin ka karanta da idonka, kar ka dogara da abin da ka hango a gefen shafi.

Ba duka lasisi ne ke da wannan sharaɗi ba. Irin su MIT da BSD da Apache sassauƙa ne, kana iya ɗauka ka gyara ka rufe naka ka sayar, iyaka ka bar sunan masu shi da takardar lasisin. Mafi yawan Android a kan Apache yake, shi ya sa kamfanonin waya ke ɗauka su yi mashi kwalliyarsu. DHIS2 da ma'aikatan lafiyarmu ke shigar da alƙaluma a ciki, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta, a kan BSD yake. Su kuma Linux da WordPress da Moodle da ERPNext duk 'yan gidan GPL ne. Da tun farko niyyarku ku rufe ce, da sai ku nemi mai sassauƙan lasisi ku gina a kai, yanzu kam kun riga kun yi gini a filin da ke da sharaɗi.

Za ka ce wa zai zo daga Turai ya kama mu a Ƙofar Ƙaura. Gaskiya da wuya. Amma kar ka ɗauka takardar banza ce, wata kotu a Munich ta ƙasar Jamus ta tabbatar da ƙarfin GPL tun 2004, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ma a 2008 ta yanke cewa karya sharaɗin buɗaɗɗen lasisi keta haƙƙin mallaka ne. A nan gida shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce ke jin ta. Ni abin da ya fi damuna ba kotu ba ne, ranar da kuka girma ne, wata ƙungiya mai ba da tallafi ko mai zuba jari ya ce a kawo kod a bincika, a tarar kun goge sunaye kun rufe abin da bai rufuwa, sai maganar ta mutu a nan. Alherin GPL 3 shi ne ya bar ƙofar gyara, wanda aka sanar da shi laifinshi karo na farko ya gyara cikin kwana 30, izininshi yana dawowa.

To ina abincin yake

Bari in ba ka labarin da ya sa na daina tsoron a kwafe mani aiki. Wata shekara ana saura kwana biyu a ba da sakamakon zango na uku, wajen ƙarfe goma na dare, wani mai makaranta a Daura ya kira ni muryarshi na rawa, laftof ɗin da komai ke ciki ta ƙi tashi. Da asuba na kama hanya. Na tarar da shi zaune kan benci a ofis da malamai biyu, an tara takardun jarabawa a ƙasa ɗauri-ɗauri da kyauro, suna shirin fara lissafi da hannu na yara sama da ɗari uku, ga babu wuta, sai ƙaramin janareta yana ta tari a bakin taga. Na ciro filas ɗin da na saba kwafe masu bayanai duk ranar Alhamis daga aljihun gaban rigata, na girka manhajar a wata kwamfutar aro, kafin azahar firinta ta fara fitar da sakamako. Wannan bawan Allah kod ɗin manhajar yana cikin kwamfutarshi shekara da shekaru, bai taɓa buɗewa ba, ba zai taɓa buɗewa ba. Abin da yake biya duk zango shi ne akwai wanda zai ɗauki waya ƙarfe goma na dare.

Saboda haka ku daina tunanin sayar da manhaja kamar ana sayar da buhun masara, a biya sau ɗaya a rabu. Ku karɓi kuɗin girkawa da shigar da sunayen ɗalibai, wanda aiki ne mai cin rai don rajistar makarantu da yawa a hargitse take, ku karɓi kuɗin koyar da malamai da mai karɓar kuɗi, sannan ku yanka kuɗin kulawa na kowane zango gwargwadon yawan ɗalibai, a karɓa a makon da iyaye ke biyan kuɗin makaranta don lokacin ne kuɗi ke hannun mai makaranta. In wata ta ce a ƙara mata wani abu nata na daban, wannan sabon ciniki ne. Kuma ku yi lissafin kuɗin saba da kyau tunda galibi da dala ake biya, kar ku yanka farashin shekara guda naira ta motsa ku koma kuna ciko daga aljihu, ni ta taɓa cina a nan.

Manyan ma haka suke yi. Kamfanin Red Hat, a kan manhajar Linux da kowa zai iya samu kyauta suka gina kasuwa, suna sayar da tallafi da tabbaci ga bankuna da gwamnatoci, har IBM ta saye su a 2019 kan dala biliyan 34. Wasu kamfanoni kamar Odoo sun raba abin biyu, gindin a buɗe, ƙarin kayan na kuɗi, amma wannan ya fi sauƙi ga wanda shi ke da asalin kod ɗin, ku ba ku ne masu asalin ba.

Abin da za ku iya mallaka ku hana kowa taɓawa shi ne sunanku. Lasisin kod daban, alamar kasuwanci daban. Ku raɗa wa aikinku suna na Hausa mai daɗin faɗi, ku yi mashi tambari, kar ku yi kasuwanci da sunan asalin manhajar kamar ku ne wakilansu, in hali ya samu ku yi rajistar alamar a ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ita ce rajistar alama ba, mutane na haɗa su. Wani zai iya kwafe kod ɗinku gobe, amma ba zai iya zuwa da sunanku ba, kuma ba shi masu makarantu suka sani ba.

Ni ra'ayina ma, fassarar Hausar nan ku tura ta ga masu asalin manhajar su haɗa a cikin tasu. Ba don neman lada kawai ba, akwai dabara a ciki. In kuka riƙe gyaranku ku kaɗai, duk lokacin da suka fitar da sabon zubi ko suka toshe wata ɓaraka ta tsaro sai kun zauna kun sake ɗinke naku a kai, shekara biyu za ku gaji ku daina sabuntawa, daga nan manhajar ta zama rami. Wanda ya ga tashin hankalin da ɓarakar Log4j, wani ƙaramin kod da manhajoji da yawa ke amfani da shi, ta jawo a watan Disamba na 2021 ya san abin da nake nufi. Aikin gayya ne, ka taya a gonar wani yau, gobe a taru a taka, kuma sunanka yana nan a rubuce cikin tarihin aikin, wanda ya fi takardar shaidar kammala karatu magana a wajen masu ɗaukar aiki na waje.

Ku ukun nan

Yanzu ga abin da na ce ya fi tsaya mani. Na taɓa yin irin wannan haɗaka da wani aminina, tare muka taso, ba mu rubuta komai ba don muna ganin rubutu kamar rashin yarda ne. Shi ya sayi adireshin shafin da katinshi, imel ɗinshi ne a kan saba, ni kuma nake yawon makarantu. Da ya samu aiki a Abuja muka ɗan samu saɓani kan rabon kuɗin wata kwangila, ya daina ɗaukar wayata, wa'adin adireshin ya ƙare, makarantu huɗu suka wayi gari shafinsu ba ya buɗewa, ni suka sani, ni suka zo suka samu a gida gaban iyalina. Sai da manya suka shiga tsakani aka sasanta, amma biyu daga cikin makarantun ba su dawo ba, zumuncin ma bai koma yadda yake ba har yau, kuma wannan ya fi yi mani ciwo fiye da kuɗin.

A doka, in babu wata yarjejeniya, haƙƙin abin da mutum ya rubuta nashi ne, kuma miƙa wannan haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Ma'ana yanzu haka wanda ya rubuta ɓangaren hadda shi ke da shi, wanda ya yi fassara shi ke da ita, waɗannan ba su zama "namu" ba sai kun mai da su haka da takarda. Kuma tunda GPL ne, duk wanda ya fita cikinku yana iya tafiya da kwafi ya buɗe nashi, wannan ba za ku iya hanawa ta hanyar kod ba. Abin da za ku iya tsarawa shi ne suna da kwastomomi da asusun banki da makullan saba. Ku yi rajistar kamfani a CAC, ku rubuta kason kowa, ku rubuta cewa abin da kowa ya rubuta don wannan aiki na kamfani ne, adireshin shafi da saba da asusun GitHub su kasance da imel ɗin kamfani wanda aƙalla mutum biyu ke da mabuɗinshi, ku rubuta abin da zai faru in ɗaya ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki ko Allah ya yi mashi rasuwa, don magada za su zo su tambaya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, don haka kar wanda ya ji kunyar cewa a rubuta. Yanzu da ba a fara samun kuɗi ba ne lokacin, kowa zuciyarshi fara ce.

Haka tsakaninku da makaranta, ko shafi biyu ne a rubuta. Lasisin GPL ya faɗa da manyan baƙaƙe cewa babu garanti, masu asalin manhajar ba ruwansu in lissafi ya karkace, to mai makaranta ku zai riƙe, sai ku fayyace mi kuka ɗauka mi ba ku ɗauka ba, cikin awa nawa za ku amsa kira, wa ke da alhakin kwafe bayanai, kuma in an rabu za ku miƙa masu bayanansu cikin tsari. Bayanan nan na makaranta ne da iyaye, ba naku ba, kar ku taɓa riƙe su a matsayin garkuwa don an ƙi biyanku. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumarta NDPC, ta tsaurara kan bayanan yara, tana neman amincewar iyaye, kuma in aka samu ɓaraka mai haɗari akwai wa'adin awa 72 na sanar da hukuma. Za ku riƙe sunaye da hotuna da lambobin wayar iyaye da adireshin gidajen yaran mutane, a yanayin tsaron da jiharmu ke ciki ba sai na yi maka dogon bayani kan abin da zai faru in wannan jerin ya faɗa hannun da bai dace ba. Kar a riƙa tura shi a guruf ɗin WhatsApp, kar kowa ya yi amfani da kalmar sirri ɗaya.

Takardun nan biyu, ta tsakaninku da ta makaranta, ku rubuta da Hausarku yadda kuka fahimta, sannan ku kai wa lauya ya zuba su a tsarin doka, wannan ɓangaren ya wuce sanina kuma kuɗin da za ku ba shi bai kai asarar makaranta ɗaya ba. Kafin nan ka buɗe fayil ɗin lasisin ka turo mani hoton layukan farko in tabbatar GPL ne ko AGPL, ka duba kuma ƙananan kayan da kuka jawo daga wasu wurare kuka haɗa, musamman hotuna da salon rubutu da samfurin rasit, don kowanne da nashi lasisin. In kun samu sarari ranar Asabar bayan la'asar ku zo shago ku ukun duka, ku taho da laftof ɗin, ina so in ga ɓangaren haddar nan da idona.